Babu Ƙwayar Gado Guda Ɗaya Ta Jarabar Giya

An daɗe ana ɗauka cewa akwai ƙwayar gado guda da ke mayar da mutum mashayi, wai ɗan mashayi dole ya bi sahun ubansa. Lamarin ba haka yake ba. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana ɗaukar kusan kashi 50 cikin 100 na haɗarin, kuma wannan rabon ya warwatsu a kan ɗimbin ƙananan bambance-bambance a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, kowanne da ɗan tasirinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawancinsu suna sassan DNA da ba sa ƙera furotin, aikinsu kunna wasu ƙwayoyin gadon ne ko rage musu ƙarfi. Shi ya sa masana ke bin diddigin ƙwayoyin gadon da ke aiki a ƙwaƙwalwa da waɗanda ke aiki a hanta, domin su gane abin da kowane bambanci yake taɓawa.

Wani gadon ma kariya ne. Mutanen Gabashin Asiya da yawa suna ɗauke da nau'i mai rauni na ƙwayar gado mai suna ALDH2, wanda ke barin gubar asetaldehaid, wadda jiki ke samarwa daga giya, ta taru a jini, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri bayan kurɓi kaɗan, abin da ke hana da yawansu yawan shan giya.