Me ya sa ake kiran wasu ƙungiyoyin addini "ƙungiyar asiri"?

Tambaya: A unguwarmu ta Bukoki a Yamai wasu na taruwa da dare a gida ɗaya, maƙwabta na cewa ƙungiyar asiri ce. Daga ina wannan zargi yake tasowa?

Amsa: Yawanci daga baƙunta. In ƙungiya sabuwa ce, mabiyanta kaɗan, shigarsu ko ibadarsu ta saɓa da wadda aka saba, nan da nan ake laƙaba mata suna. Sai dai tsoron yana da tushe. Dattawa ba su manta da Maitatsine ba: Muhammadu Marwa ya tara almajirai a unguwar Ƴan Awaki a Kano, ya tsine wa agogo da rediyo da keke, kuma rikicin Disamba 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani fasto da ya umarce su da azumi har mutuwa.

Tambaya: Ke nan duk sabuwar ƙungiya abin tsoro ce?

Amsa: A'a, kuma wannan kuskure yana cutar da mutanen kirki. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta sha kallon zargi lokacin da ta shigo Nijar, ga shi yau masallatanta da makarantunta a fili suke. Majalisar Faransa ta jera ƙungiyoyi fiye da 170 a matsayin ƙungiyoyin asiri a 1995, amma a 2005 gwamnati ta ce a daina dogara da jerin sunaye, a dubi aikin da suke yi.

Tambaya: To me za a duba?

Amsa: A duba hanyar fita. Wanda ya ce ya bari, ana ƙyale shi ko ana masa barazana, ana raba shi da matarsa? Wannan ya fi komai nuna gaskiyar lamari. Sannan shugaban: ana iya masa tambaya, ko maganarsa ta zama kamar wahayi? Kuɗin da ake tarawa, wa ya san inda suke shiga? Abin yakan faro da kirki, a biya maka asibiti, a ba ka jari. Daga baya a ce iyayenka ɓatattu ne, kada ka ci abincinsu. Mutum in ya rasa dangi da sana'a, ba shi da wurin komawa, shi ya sa yake zama ko da ya gane.

Tambaya: In ɗana ya shiga fa?

Amsa: Kada ku kore shi, kada ku zagi malaminsa a gabansa, domin an riga an faɗa masa za ku yi hakan. Ku ci gaba da kiransa, ku rubuta duk abin da ya sayar ko ya bayar. Ku nemi mai unguwa ya tambayi takardar izininsu daga ma'aikatar cikin gida. In kuwa ana cire yara daga makaranta, ana hana marar lafiya zuwa likita, ko ana duka da auren dole, ku kai magana gun ƴan sanda ko jandarmomi ba tare da jinkiri ba.