Rage wa taya iska lokacin zafi ba ya hana ta fashewa

Da bazara ta kama, sai ka ji direba yana ce wa mai faci: "Rage mini iska, kada kwalta ta fasa mini taya." Tunanin yana da tushe, domin iska takan ƙaru idan taya ta ɗumama. Sai dai masu ƙera mota sun riga sun lissafa da wannan ƙarin.

Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce abin tsoro. Gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a cikin robar, har ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke ciki. A doguwar tafiya da lodi, nan ake jin ƙarar fashewa.

Buɗe ƙofar direba, yawanci akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, an rubuta iskar da ta dace. Ƙananan motoci galibi PSI 30 zuwa 35 ne (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Lambar da ke gefen taya kuwa iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce. A auna da geji, wato abin auna iskar taya, da sassafe, kafin mota ta motsa.

Don Allah a tura wa direbobin da aka sani.