Jita-jitar Siyasa A Zangunan Accra Da Kumasi

Jita-jitar siyasa, wato labarin da ake yaɗawa a kan gwamnati ko jam'iyya ko ɗan takara ba tare da an san tushensa ba, tsohuwar aba ce a zangunan Ghana, ta riga waya ta riga intanet, gudunta ne kawai ya ƙaru. Da can a ƙofar masallaci bayan la'asar ake jin ta, ko a tasha wajen direbobi, ko gun mai koko da ƙosai da sassafe. Yanzu kuwa tana aljihun kowa, a WhatsApp da Facebook da TikTok, labarin da aka ƙirƙiro a Nima ko Mamobi a Accra da asuba kafin azahar ya zaga Aboabo da Sawaba da Tafo Zongo a Kumasi, ya leƙa 'yan uwa da ke Jamus da Amurka, ya dawo gida da ƙarin gishiri. Masu nazarin harkar sun raba ta gida biyu: akwai wanda ya san ƙarya ce ya shirya ta don wata manufa, akwai kuma wanda ya tura da zuciya ɗaya yana ganin taimakon jama'a yake yi. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma da ƙafarsu na farkon ke tafiya.

Yadda take yawo

Babbar motarta a zango ita ce odiyo, saƙon murya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, manyan jaridu da sanarwar gwamnati da Turanci suke fitowa, manyan gidajen rediyo kuma Turanci ne ko Twi, to dattijon da karatunsa na allo ne ko hajiyar da ke zaune a shago tun safe, in aka turo musu murya da Hausa tsantsa ta minti uku ai an gama da su. Kuma salon kusan ɗaya ne kullum. Mai maganar zai fara da sallama da salati, ba zai faɗi sunansa ba ko ya faɗi wanda ba mai iya bincikawa, sai ya ce wani babba ne a ciki ya tsegunta masa, ya rantse, ya rufe da "don girman Allah duk wanda ya ji wannan ya tura ma ɗan uwansa Musulmi". Ba rana, ba wuri, ba sunan babban.

Bayan odiyo sai tsohon bidiyo da aka yi wa sabon suna, rikicin wata ƙasa ko na shekarun baya a ce jiya aka yi shi a Kumasi. Sai guntun jawabin ɗan siyasa da aka datse kai da gindi. Sai hoton labari mai ɗauke da tambarin wani sanannen gidan jarida wanda yaro ya haɗa a wayarsa cikin minti biyar. Kwanan nan kuma an fara ganin murya da hoton da na'ura ke kwaikwaya, amma gaskiya har yanzu tsofaffin dabarun nan masu araha sun fi yin ɓarna.

Akwai kuma bes, majalisar samari da ke kusan kowane lungu a Nima da Asawase ta Kumasi, inda ake dafa ataya ana musu har dare ya raba. Kowane bes da gurup ɗinsa, kowane masallaci da nasa, haka dangi, haka tsofaffin 'yan makaranta, mutum ɗaya yana cikin gurup goma, shi ya sa saƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba wahala. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, a 2020 kuma ya mai da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak, amma wannan bai hana mai niyya ba, sai dai ya ƙara masa latsawa. Matsalar da ta fi wuya ita ce ta girma. In Alhaji mai shekara saba'in ne ya turo abu a gurup ɗin dangi, wane yaro ne zai fito ya ce ƙarya ne? Iyakaci ya bi shi ta gefe ya ce "Baba Alhaji, a gafarce ni, kamar wannan bidiyon na bara ne", Baba kuma ya ce to shi ma turo masa aka yi, saƙon dai na nan a gurup ba wanda ya goge.

Rediyo ma na da hannu. Tun da aka buɗe fagen gidajen rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990 aka samu sojojin baka, masu buga waya kowane shiri suna kare jam'iyyarsu, wasu har an haddace muryarsu. Wani lokaci abin kan wuce gona da iri, kamar a 2016 da Kotun Ƙoli ta ɗaure mutum uku wata huɗu-huɗu saboda barazanar da aka yi wa alƙalai a tashar Montie FM, daga baya shugaba John Mahama ya yi musu sassauci aka sake su.

Tabon 1969

Ba za a gane dalilin da ya sa wata jita-jitar ke kama mutanen zango da sauri ba sai an koma 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Kofi Abrefa Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka tafi, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosi da sauransu, wasu a nan aka haife su ba su san wata ƙasa ba, aka sayar da gida da shago a wulaƙance, aka raba dangi. Har yau akwai gidajen da kaka ke ba jikoki labarin. Da yake jam'iyyar NPP daga tsatson siyasar su Busia ta fito, kusan duk zaɓe sai maganar ta taso cewa in suka ci za su kori mutanen zango. NPP ta yi mulki daga 2001 zuwa 2009 ƙarƙashin John Kufuor, da Musulmi Aliu Mahama a matsayin mataimaki, ta sake yi daga 2017 zuwa farkon 2025, ba a kori zango ba, hasali ma shugaba Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikatar raya zanguna da asusun raya su a 2017. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kuma ba a ce tsoron ba shi da abin da ke ciyar da shi ba. A 2015 Mahamudu Bawumia, jigo a NPP, ya yi zargin cewa akwai 'yan Togo fiye da 76,000 a rajistar masu zaɓe, a 2020 kuma aka yi sabuwar rajista da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko fasfo ko shaidar mutum biyu, takardar haihuwa ba ta shiga ba. Duk mai suna irin namu da aka taɓa tsayarwa a layin yin kati ana tambayarsa garin kakansa ya san yadda abin ke ci a rai. Mai shirya ƙarya ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya ƙirƙiro tsoro sabo, wanda ke nan yake tsokanowa.

Saurin yanke hukunci

Nan ne abin ke tashi daga surutu ya koma jini. Ranar 29 ga Mayu 2017 a Denkyira-Obuasi, wani hafsan soja, Kyaftin Maxwell Adam Mahama, ya fita motsa jiki da safe, wasu suka hangi bindiga a jikinsa, magana ta bazu cewa ɗan fashi ne, jama'a suka taru suka kashe shi ana ɗauka a waya. Bidiyon ya zaga ƙasar gaba ɗaya, aka ƙara masa girma zuwa Manjo bayan rasuwarsa, kuma sai a Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Tsakanin "ɗan fashi ne" da mutuwarsa 'yan sa'o'i ne, shari'ar kuwa ta ci fiye da shekara shida.

Amma mutanen Kumasi za su ce maka ba talaka kaɗai ke saurin hukunci ba. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan zango a yankin Manso Nkwanta, suka sanar cewa 'yan fashi ne da aka yi musayar wuta da su, kafafen labarai da yawa suka ɗauka yadda aka ba su. Asawase ta ɗau zafi, matasa suka fito suka ce ƙarya ne mun san yaran nan. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane iyali diyyar sidi 250,000. A wannan karon maganar lungu ce ta zama gaskiya, sanarwar hukuma ta faɗi, kuma duk mai son sanin me ya sa ɗan zango ke yarda da odiyon ɗan uwansa fiye da takardar hukuma to ya fara daga nan.

Lamarin garin Ejura ya fi rikitarwa. A ƙarshen Yunin 2021 aka kai wa Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, hari ya rasu, mutum ne mai sukar rashin ayyukan raya ƙasa a Facebook, nan take aka danganta kisan da fafutukarsa da kuma FixTheCountry, yunƙurin matasa masu neman a gyara ƙasa. Matasa suka yi zanga-zanga bayan jana'iza, sojoji suka buɗe wuta mutum biyu suka mutu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a George Kingsley Koomson ya karkata ga cewa rikicin cikin gida ne, iyalinsa kuma suka yi watsi da wannan. Kowane ɓangare ya riga ya yanke nasa hukuncin tun ranar farko, rahoto bai sauya ra'ayin kowa ba.

Lokacin zaɓe

Ghana na zaɓe ranar 7 ga Disamba duk shekara huɗu, kuma awannin da ke tsakanin rufe rumfa da sanarwar Hukumar Zaɓe su ne kakar jita-jita. Ana ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban kowa, a rubuta a takardar da ake kira pink sheet, wakilan jam'iyyu su sa hannu, to daga nan sai hotunan takardun su fara yawo, na gaske da na jabu, kowane bes ya zama hukumar zaɓe mai kalkuleta. A 2020 shugabar hukumar Jean Mensa ta sanar da sakamako ranar 9 ga Disamba, daga baya hukumar ta gyara wasu alƙaluman da ta faɗa, wannan gyaran kaɗai ya ba masu zargi abincin watanni, an kuma rasa rayuka a wurare irin su mazaɓar Techiman South. John Mahama na jam'iyyar NDC, wanda ya sha kaye, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kore ta ranar 4 ga Maris 2021.

A 2024 sabon abu ya shigo, karo na farko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa, Bawumia na NPP ɗan Walewale, ga Mahama na NDC ɗan Bole wanda Kirista ne, duka 'yan arewa. Saƙonnin addini suka yi ta kai-komo, wannan ya ce wajibi ne a zaɓi Musulmi, wancan ya ce tsadar rayuwa ba ta san addini ba, har abokan bes ɗaya suka daina shan ataya tare. Da aka zo ƙirga Asawase da Ayawaso East inda Nima take suka tsaya a NDC yadda suka saba. Bawumia ya amince da shan kaye da safiyar 8 ga Disamba tun hukuma ba ta yi magana ba, abin da ya kashe kasuwar masu ƙirƙira a ranar, washegari aka sanar Mahama ya samu sama da kashi 56.

Masu tantancewa da malamai

Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, Fact-Check Ghana ta MFWA, gidauniyar kafafen labarai ta Afirka ta Yamma, da GhanaFact, da Dubawa, kuma a zaɓen 2024 sun haɗa kai suka yi aiki tare. Suna ƙoƙari, sai dai yawancin abin da suke fitarwa rubutu ne da Turanci, ƙaryar kuwa murya ce da Hausa a cikin gurup ɗin da ba mai gani sai 'yan ciki. Wanda ya fi isa ga kunnen zango shi ne liman a mumbari, da tashoshin da ke magana da Hausa irin su Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi. Malamai kan jawo aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, kuma kusan kowa ya san ayar, aiki da ita a kan labarin da ya yi wa mutum daɗi ne wuya. Shi kansa Babban Limamin Ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu bai tsira ba, an sha yaɗa cewa ya rasu ofishinsa na fitowa yana ƙaryatawa.

Doka

An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001 zamanin Kufuor, lokacin Akufo-Addo ne Antoni Janar. Amma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 na nan, wanda ya haramta yaɗa labarin ƙarya da zai tada hankalin jama'a, ga kuma sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008. Da su ake kama 'yan jarida da masu magana a intanet, kuma abin dariyar shi ne duk jam'iyyar da ke adawa sai ta ce dokar ta danniya ce, in ta hau mulki sai ta ga amfaninta. A 2016 Sufeto Janar na 'yan sanda John Kudalor ya taɓa cewa ana iya rufe soshiyal midiya ranar zaɓe, aka yi masa ca, ba a rufe ba. A 2025 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Samuel Nartey George ta fitar da daftarin sabuwar doka kan labaran ƙarya da kalaman ƙiyayya, ƙungiyoyin 'yan jarida suka nuna damuwa a kan wa zai riƙa yanke cewa wannan ƙarya ne wancan gaskiya, da irin hukuncin da za a ɗora wa wanda aka samu da laifi.