Jakar iska a bayan akori-kura: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tun ranar da na ɗaura wa wata Hilux jakunkunan iska, mai ita ya je Dawanau ya yi lodin masara aka ga bayanta bai durƙusa ba, ban sake shan ruwa da sanyi a gareji ba. Kowa ya zo da tambayoyin da na amsa jiya. Ga su nan na rubuta, wanda ya sake tambaya zan ce ya karanta.

Wai mece ce jakar iskar?

Roba ce mai kauri da zare a cikinta kamar taya. Guda biyu ake ɗaurawa, dama da hagu, tsakanin casis da aksil na baya. Sifirin yana nan inda yake, ba a cire shi. Kama masa take yi.

Ita ce wadda ke fashewa a sitiyari in an yi haɗari?

A'a. Suna ne ya zo ɗaya.

In na saka, buhu nawa zan ƙara?

Ko tiya ɗaya. Wannan ita ce tambayar da ke ɓata mini rai, domin duk mai yin ta ya riga ya yanke shawarar obalodi, shaida kawai yake nema. Buɗe ƙofar direba ka duba takarda ko farantin da kamfani ya manna, ko littafin motar, nauyin da aka yarda ta ɗauka yana rubuce. Yawancin Hilux abin bai wuce kusan tan ɗaya ba, wato buhu goma masu kilo 100, kuma a ciki ake lissafa kai kanka, da yaran mota, da ƙarfen da ka sa aka yi maka walda a bodi. Jaka ba ta canza wannan lamba. Birkinka na jiya ne, aksil na jiya ne, tayoyi na jiya ne. Tayar da aka rubuta 112 a gefenta kilo 1,120 ne iyakarta, ko ka ɗaura jaka goma.

Na san abin da ke ruɗa mutane. A kwalin Air Lift da na Firestone, kamfanonin Amurka da suka yi suna a wannan harka, ana ganin fam 5,000, sama da kilo 2,200 ke nan. Ƙarfin jakar aka faɗa, ba ƙarfin motarka ba.

To meye amfaninta?

Ka taɓa tuƙa akori-kura da lodi ka ji sitiyari ya yi sakayau kamar gaban zai tashi? Baya ne ya zauna, nauyi ya ragu a tayoyin gaba. Fitila ta koma haska saman bishiya tana kashe idon mai tahowa, in ka faɗa rami kuma ka ji ƙum, casis ya daki aksil. Jakar tana ɗago bayan ya daidaita, duk waɗannan su ragu. In ka sauke kaya ka sace iskar, mota ta koma laushinta. Abin da ƙarin ganyen sifirin ba zai ba ka ba ke nan, shi in ka ƙara, da kaya da babu kaya ƙugunka zai gaya maka.

Iska nawa zan sa?

Nan sai ka zauna, Alhaji, domin ba lamba ɗaya ba ce. Ya danganta da irin jakar, da nauyin kayan, da inda aka jibge su, da lafiyar sifirin, har da hanyar da za ka bi. Yawancin masu kauri tsakanin 5 ne da 100 a geji, irin gejin masu faci. Kada ta gaza 5 ko da babu kaya, in ba haka ba robar za ta naɗe tana cin kanta. Amma akwai ƙanana da iyakarsu ba ta kai 100 ba, saboda haka takardar da ta zo da jakarka ita ce alƙali, ba bakina ba.

Yadda nake yi: kafin lodi in sa tef in auna daga ƙasa zuwa leɓen bodi saman tayar baya, in rubuta da alli a jikin motar. A yi lodi. Sai in riƙa ba ta iska kaɗan-kaɗan har ta kusa wancan awon. Kusa na ce, ba ta kai ba, balle ta wuce. Ina so sifirin ya ci gaba da ɗaukar rabonsa. Ka tuna kuma kaya suna matse jakar, iskar da ka auna babu kaya za ta hau bayan lodi, don haka awon bayan lodi shi ne awo.

Dalilin da ya sa nake rowar iska biyu ne. Na farko, sifirin yana raba nauyi a wuri biyu a jikin casis, gaba da baya, ita kuwa jaka wuri ɗaya take tokarewa. In ka cika ta tam, ka tara kaya a can ƙarshen bodi har da buɗe ƙofar baya, ka hau gargada da gudu, casis na iya lanƙwasa a tsakanin kan motar da bodi. A Ostareliya, inda suke loda wa akori-kura masu ƙofa huɗu kayan zango su shiga daji, an sha ganin haka, har yau kuma ana musu ko laifin jaka ne ko na lodi. Ni a ganina lodin ne uban tafiya, jakar kuma ta ɓoye alamar da za ta sa direba ya tsorata. Kaya masu nauyi su matsa gaba, kusa da kan motar, ba bayan taya ba.

Na biyu birki. Tsofaffin Hilux da yawa suna da wani bawul a baya da ɗan sanda da ke haɗe da aksil. In baya ya zauna, bawul ɗin ya gane an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗago bayan da iska, ka yi masa ƙarya ke nan, yana zaton motar fanko ce alhali buhu takwas ne a kai. Ba kowace mota ke da shi ba, sababbi da dama kwamfuta ce ke raba birkin. Leƙa ƙasa ka gani. In akwai, bar bayan ya ɗan zauna, kuma ka gwada birki a fili da kayan kafin ka hau titi.

Dole sai na sayi kwamfiresa?

Ba dole. Bakinta irin na taya ne, famfon keke ma ya isa. Shi na fi so, domin cikinta ƙarami ne, injin mai faci kafin ka ce tsaya ya wuce da ita.

Makanikina ya ce a haɗa su a tiyo ɗaya, ya fi sauƙi.

Ya fi masa sauƙi. In ka sha kwana da dogon lodi, iska za ta gudu daga gefen da aka danne ta koma ɗayan, motar ta ƙara karkata. Kowace da tiyonta da bakinta. Haka kuma in kaya sun fi nauyi a gefe ɗaya, sai ka ba wannan gefen ƙari.

Na sa iska, kwana biyu ta sace. Ta fashe ne?

Kwantar da hankalinka, da wuya jakar ce. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a duk mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Galibi bakin tiyo ne da aka datse da filaya ya murguɗe. A yanke shi da sabuwar reza, a miƙe, a tura har ya ƙure. Duba kuma ko tiyon ya kwanta a jikin salansa, na ga wanda ya narke tun a tafiyar farko. Ko babu matsala, geji sau ɗaya a mako, ranar da kake duba tayoyi.

Sifirin ɗina ya gaji, in sa jaka in huta da sayen sabo?

Haba Malam. Sifirin da ya miƙe ko ya karye ganye, canza shi ake yi, shi ke riƙe aksil a mazauninsa. Shoka ma haka, jaka ba ta hana mota rawa. Gyara waɗannan tukuna sannan ka zo.

In za a ɗaga motar fa?

Ka gaya wa yaron gareji akwai jaka kafin ya sa jak. In aka ɗaga ta casis, aksil ya yi lilo, wasu jakunkunan sukan miƙe fiye da kima har su yage daga mazauninsu. A tokare aksil ɗin, ko a sa jak a ƙarƙashinsa tun farko.