Waiwaye: Yaƙin Koriya ya nuna tun kafin harbin 25 ga Yuni 1950

A ranar 15 ga Oktoba 2024 Koriya ta Arewa ta tarwatsa sassan hanyoyin da suka haɗa ta da Koriya ta Kudu. Kafin nan, a ƙarshen 2023, gwamnatin Arewa da ke Pyongyang ta ce ta daina kallon Kudu a matsayin 'yar'uwar da za a sake haɗewa da ita wata rana, ƙasashe biyu ne masu gaba da juna. Wannan ya sake tayar da tsohuwar muhawara: shin lokaci bai yi ba da za a maye gurbin takardar tsagaita wuta ta 1953 da yarjejeniyar zaman lafiya? Wasu na cewa sai Arewa ta ajiye makaman nukiliya, waɗanda ta fara gwadawa a 2006. Wasu na cewa ba za ta ajiye ba muddin a takarda yaƙin bai ƙare ba, ga kuma sojojin Amurka kimanin 28,500 a Kudu. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne duk suna fara ƙirga tarihin daga asubahin 25 ga Yuni 1950, kamar ranar ce gaba ta faɗo daga sama.

Ba a gardama kan abin da ya faru a wannan asubahi. Dakarun Arewa ne suka tsallaka layin da ya raba ƙasar biyu da tankokin yaƙi, kuma takardun da aka buɗe a Mosko bayan 1991 sun nuna an shirya farmakin watanni kafin ranar. Amma kafin wannan rana Koriyawa sun riga sun shekara biyu suna kashe juna, sun kuma shekara huɗu da rabi ba sa iya zama kan teburi ɗaya. Inda zaren ya tsinke shi ne makon ƙarshe na Disambar 1945.

Abin da ya gabaci wannan sananne ne. Japan ta mayar da Koriya ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta a 1905, ta haɗiye ta gaba ɗaya a 1910, ta mulke ta shekara 35. A taron Alƙahira na 1943 Amurka da Birtaniya da Sin suka yi alkawarin Koriya za ta sami 'yanci idan lokacin da ya dace ya yi, ba tare da an faɗi wane lokaci ba. Da Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, aka tsaga ƙasar a layin digiri na 38 domin sojojin Sobiyet su karɓi makaman Japanawa a arewa, na Amurka su karɓa a kudu. Layin bai bi kogi ko dutse ko iyakar lardi ba. Ya yanke koguna 12 da layukan dogo shida, ya bar madatsun wutar lantarki da masana'antar takin zamani ta Hungnam a arewa, ya bar mafi yawan gonakin shinkafa da birnin Seoul a kudu. Babu wanda ya ɗauke shi iyakar ƙasa a lokacin. Mutane na tsallaka shi da kayansu a ka.

A watannin farko bayan tafiyar Japan, tambayar da ke raba mutane ita ce: ina kake lokacin mulkin mallaka? Wa ya sha ɗauri, wa ya yi gudun hijira, wa kuma ya ci abinci a hannun mai mulki? A wannan ma'auni 'yan gurguzu na da kwarjini, domin da yawansu sun yi zaman kurkuku ko yaƙin sunƙuru. 'Yan kishin ƙasa masu ƙin gurguzu, irin su Kim Gu da ya jagoranci gwamnatin gudun hijira a Sin, su ma nasu kwarjinin ba ƙarami ba ne. A kwamitocin jama'a da suka ɓullo a garuruwa da ƙauyuka, ana samun mai ra'ayin gurguzu da limamin coci da malamin makaranta suna raba aiki tare. Akwai saɓani, amma ba a kai ga raba gari ba.

Daga 16 zuwa 26 ga Disamba 1945 ministocin harkokin wajen Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka zauna a Mosko. Sashen Koriya na matsayarsu sakin layi huɗu ne kacal, kuma jerinsu na da muhimmanci. Na farko: a kafa gwamnatin wucin gadi ta Koriyawa domin ƙasar baki ɗaya. Na biyu: a naɗa kwamitin haɗin gwiwa na rundunonin Amurka da Sobiyet da zai taimaka wajen kafa ta, bayan ya tuntuɓi jam'iyyu da ƙungiyoyin jama'a masu bin tafarkin dimokuraɗiyya. Na uku: kwamitin, tare da wannan gwamnati, ya tsara riƙon amana na ƙasashe huɗu, wato Amurka, Sobiyet, Birtaniya da Sin, na tsawon da bai wuce shekara biyar ba. Na huɗu: rundunonin biyu su gana cikin mako biyu kan matsalolin yau da kullum. Wato gwamnati ɗaya ce a gaba, riƙon amana na biye, kuma sai da sa hannun wannan gwamnati za a tsara shi.

Ba haka labarin ya isa Seoul ba. Abin da mutane suka fara ji a ranar 27 ga Disamba, tun kafin cikakken rubutun ya iso, shi ne Sobiyet na son riƙon amana, Amurka na son a ba da 'yanci nan take. A zauren taron kuwa daftarin Amurka ne ya zo da riƙon amana na shekara biyar da za a iya ƙara wasu biyar, na Sobiyet ya sa gwamnatin wucin gadi a gaba ya kuma taƙaita wa'adin. Kamfanin dillancin labarai na Sobiyet ya fitar da wannan bayani a ƙarshen Janairun 1946, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kalmar kanta ta yi nata aikin. Mai karatu a Najeriya ya san riƙon amana daga tarihin Arewacin Kamaru, wanda Ingila ta riƙe wa Majalisar Ɗinkin Duniya har aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961, kuma a wannan tsari mataki ne na fita daga mulkin mallaka. Ga Bakoriye na 1945 kuwa, kalmar da aka fassara ta da ita, sintak tongchi, tana ɗauke da ma'anar mulki a cikinta, tana kuma tuna masa 1905, lokacin da aka ce kariya ce ta zo, ta ƙare da haɗiye ƙasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A rubutun Rashanci kalmar da aka yi amfani da ita ta fi kusa da waliccin maraya, shi ya sa a Arewa aka riƙa fassara ta da wata kalma dabam mai taushi. Takarda ɗaya, suna biyu.

Cikin kwana uku Seoul ta cika da zanga-zanga, kasuwanni suka rufe, ma'aikata suka bar ofisoshi. Da farko kowa na ciki, har da 'yan gurguzu. Da asubahin 30 ga Disamba aka harbe Song Jin-u a gidansa, shugaban babbar jam'iyyar masu ƙin gurguzu, mutumin da aka san ya nemi a bi lamarin a hankali. A ranar 3 ga Janairu 1946 gangamin da ɓangaren 'yan gurguzu ya shirya a Seoul, wanda mahalarta da yawa suka zo da zaton na ƙin riƙon amana ne, ya zama na goyon bayan matsayar Mosko. Hujjarsu ita ce sun karanta cikakken rubutun sun ga hanya ce mafi kusa zuwa gwamnati ɗaya. A idon mutumin titi kuwa juyin dare ɗaya ne, kuma daga ranar aka liƙa musu sunan masu sayar da ƙasa. A Pyongyang abin ya zo a juye. Cho Man-sik, Kirista kuma ɗan kishin ƙasa mafi farin jini a arewa, ya ƙi amincewa da riƙon amana, aka tsare shi a wani otal a Janairun nan, bai sake fitowa fagen siyasa ba.

Abin da wannan mako ya yi shi ne ya sauya tambayar da ake auna mutum da ita. An daina tambayar ina kake lokacin Japan, an koma tambayar kana goyon baya ko kana ƙi, chantak ko bantak a harshensu. Wanda ke da tabon haɗa kai da 'yan mulkin mallaka ya sami sabulun wanke kansa: ya ɗaga kwalin ƙin riƙon amana, ya zama ɗan kishin ƙasa. Wanda ya yi shekaru a kurkukun Japan, in ya ce a karanta takardar tukuna, ya zama abin zargi. Mai tsaka-tsakin ra'ayi ya rasa wurin tsayawa a kudu da arewa lokaci guda. A ganina a nan ne layin da aka ja a taswira ya shiga cikin mutane.

Sauran duk a kan wannan tsagi suka gangara. Taron share fage na rundunonin biyu, daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairun 1946, ya tattauna musayar shinkafa da wutar lantarki da taki, bai haifar da abin kirki ba sai musayar wasiƙu a kan layin digiri na 38. Kwamitin haɗin gwiwa ya fara zama a fadar Deoksugung da ke Seoul ranar 20 ga Maris, ya cije kan kalma ɗaya ta sakin layi na biyu: wace ƙungiya ce mai bin dimokuraɗiyya da za a tuntuɓa? Ɓangaren Sobiyet ya ce wanda ya yi zanga-zangar ƙin matsayar Mosko ba zai zauna ya aiwatar da ita ba. Ɓangaren Amurka ya ce hana mutum kujera saboda ya faɗi ra'ayinsa ya saɓa wa dimokuraɗiyyar da ake magana. Lissafin da ke ƙasa kowa ya san shi: in an cire masu ƙi, gwamnatin za ta zama ta 'yan gurguzu, in an sa su duka, rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. A watan Mayu aka tashi baram-baram. Da aka sake zama a Mayun 1947 aka ce ƙungiyoyi su yi rajista, 425 suka fito daga kudu, 38 daga arewa, kuma jimillar mambobin da suka yi iƙirari ta zarce yawan al'ummar Koriya nesa ba kusa ba. A Yulin shekarar aka harbe Yeo Un-hyeong a Seoul, jagoran yunƙurin haɗa masu tsaka-tsakin ra'ayi na ɓangarorin biyu.

Ana wannan jan ƙafa, kowane yanki na gina kansa. A Maris 1946 Arewa ta ƙwace gonakin masu ba da haya da na duk wanda ya mallaki fiye da chongbo biyar, kusan hekta biyar ke nan, ba tare da diyya ba, ta raba kusan hekta miliyan ɗaya ga gidaje sama da 700,000 cikin ƙasa da wata guda. Masu gonaki da Kiristoci da yawa suka kwarara kudu da ɗacin rai. A Kudu, tilasta wa manoma miƙa shinkafa a farashin hukuma ya taimaka wajen tayar da boren birnin Daegu a Oktoban 1946. Dokar raba gonaki ta Kudu sai a 1949 ta fito, da iyakar chongbo uku, bayan an gyara ta a 1950 kuma manomi ya biya amfanin shekara ɗaya da rabi cikin shekara biyar.

Da kwamitin ya mutu aka kai batun Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi zaɓe a kudu kaɗai ranar 10 ga Mayu 1948. Kwana huɗu bayan haka wutar lantarkin da ke zuwa daga arewa ta ɗauke. Kujerun majalisa 200 aka ware, aka cike 198, domin a mazaɓu biyu na tsibirin Jeju zaɓe bai yiwu ba. Boren da ya tashi can ranar 3 ga Afrilu da murƙushe shi sun ci rayuka tsakanin 25,000 zuwa 30,000 bisa rahoton binciken hukuma na 2003, kusan kashi ɗaya cikin goma na mutanen tsibirin. A Oktoba wata rundunar soja a Yeosu ta ƙi tafiya Jeju murƙushe boren, ta yi tawaye. Kafin nan an riga an kafa gwamnati a Seoul ranar 15 ga Agusta ƙarƙashin Syngman Rhee, da wata a Pyongyang ranar 9 ga Satumba ƙarƙashin Kim Il Sung, kowace na cewa ƙasar duka tata ce. Sojojin Sobiyet suka fice a ƙarshen 1948, na Amurka a Yunin 1949, kuma a wannan shekara an yi ta gwabzawa da manyan bindigogi a kewayen Kaesong da Ongjin da ke bakin layin.

Yaƙin da duniya ta sani ya zo da sauri. Seoul ta faɗi ranar 28 ga Yuni 1950, aka matse dakarun Kudu da na ƙawayenta a kewayen Busan da ke can kudu maso gabas, saukar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ruwa a Incheon kusa da Seoul ranar 15 ga Satumba ta juya akalar, Sin ta shigo a Oktoba lokacin da rundunonin Majalisar suka doshi kogin Yalu da ke kan iyakarta. Ƙasashe 16 ne suka tura mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar, ciki har da Habasha. Sau huɗu Seoul na sauya hannu cikin wata tara. Daga Yulin 1951 aka shiga tattaunawa ana kuma ci gaba da yaƙi, shekara biyu cur, galibi kan ko za a tilasta wa fursunonin yaƙi komawa gida. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kai miliyan biyu da rabi zuwa uku, fararen hula ne suka fi yawa.

Takardar 27 ga Yuli 1953 kwamandojin soja ne suka sa mata hannu, na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da na Arewa da na Sin. Kudu ba ta sa hannu ba. Takardar ta samar da zirin da aka haramta girke sojoji mai faɗin kilomita huɗu da tsawon kusan 250, sakin layinta na 60 kuma ya ba da shawarar a kira taron siyasa cikin wata uku domin warware batun Koriya. Taron bai zauna ba sai Afrilun 1954 a Jeneba. Ɓangaren Kudu da ƙawayenta ya ce a yi zaɓen ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya, ɓangaren Arewa ya ce Majalisar ta yi yaƙi a gefe ɗaya, sai dai kwamitin Koriyawa mai wakilci daidai daga kudu da arewa ya shirya shi. Ranar 15 ga Yuni aka watse ba tare da an amince kan wanda zai zauna a teburin ba.