Wai mene ne CAD, kuma ina ya bambanta da "3D" ɗin da ake ta faɗa?

Yanzu duk wanda zai gina gida da wuya ka ji bai ce a yi masa "3D" ba, abin da yake nufi shi ne hoton nan mai kyau na gidan da fenti da fitilu da mota a fake a ƙofa. Toh wannan hoton kwalliya ce ta ƙarshe, asalin aikin da ke ƙarƙashinsa shi ake kira CAD. Gajarta ce ta Computer-Aided Design, wato tsara abu da zana shi da taimakon kwamfuta, ko gida ne ko gada ko injin niƙa ko murfin waya, amma fa da awo na gaskiya, kowane layi an san tsawonsa har zuwa milimita.

Abin ya daɗe. A 1963 Ivan Sutherland yana ɗalibi a jami'ar MIT a Amurka ya haɗa Sketchpad, ana zane a kan allon kwamfuta da wani alƙalami mai haske, kuma tun a lokacin kana iya gaya wa kwamfutar cewa layin nan biyu su tsaya a jere kada su karkace, ta bi. AutoCAD, wata manhajar zane, ya fito a 1982, shi ya sauko da abin zuwa ƙananan kwamfutocin ofis, shi ya sa har yau wasu in sun ce AutoCAD CAD ɗin gaba ɗaya suke nufi. Jirgin Boeing 777 da ya fara tashi a 1994 a kwamfuta aka tsara shi kacokan, da manhajar CATIA ta kamfanin Dassault na Faransa.

Aiki biyu ne a ciki, kuma mai koyo ya kamata ya raba su tun ranar farko. Na ɗaya gina siffar abin, wato model, mai tsawo da faɗi da kauri, su ne X da Y da Z ɗin da za ka gani a kusurwar allo, kana juya shi kana kallonsa ta ko'ina. Na biyu shi ne fitar da zanen aiki a takarda, wanda ake ce wa diraftin, shi ne abin da kafinta ko mai walda ko magini zai riƙe a hannu.

Ga yanda ake farawa. A ce kana son farantin ƙarfe da za a ɗaure injin ban ruwa a kai, tsawo milimita 100, faɗi 60, kauri 8, da huda biyu na noti. Ba wai ka kama sassaƙa a iska ba ne, a'a, za ka zaɓi fili ɗaya shimfiɗaɗɗe ka zana murabba'i mai tsawo, ka sa masa awo 100 da 60, sannan ka ja shi sama milimita 8, a yawancin manhajoji maɓallin sunansa Extrude, a FreeCAD kuma Pad, nan take zanen ya zama faranti mai kauri. Sai ka danna samansa ka zana da'ira biyu ka ce a huda su har ƙasa. Gefen da ke da kaifi ka dakusar da shi kaɗan don kada ya yanki hannu. Abu mai zagaye irin fuli ko kofi kuwa rabinsa kawai ake zanawa a ce ya kewaya layin tsakiya. Wallahi yawancin kayan inji da ja da huda da kewayawa ɗin nan ake gina su.

Amma inda aikin yake, kuma inda nake ganin masu koyo suna gaggawar tsallakewa, shi ne ɗaure zanen da sharuɗɗa. Ɗauki huda ɗaya cikin biyun nan, ido ne ya ajiye ta a tsakiyar faɗin farantin ko kuwa ka gaya wa kwamfutar cewa a tsakiya take? Yau duk ɗaya ne a kallo. Gobe mai aikin ya kira ya ce a mayar da faɗin 80, wanda ya ɗaure zanensa lamba ɗaya zai canza hudar ta bi ta koma tsakiya da kanta, wanda ya yi da ido kuwa hudar za ta tsaya inda take ta koma gefe, in abin yana da huda ashirin da sassa goma da suke haɗe da juna sai dai ya kwana yana gyara. Shi ake nufi da parametric, siffar tana riƙe da dalilin da ya sa kowane abu yake inda yake. Manhajar ma tana nuna maka, a SolidWorks layin da bai ɗauru ba shuɗi ne in ya ɗauru ya koma baƙi, a FreeCAD kuma kore yake komawa. Kada ka ja zane sama alhali launin bai canza ba.

Toh sai takarda. Mai walda a Panteka ta Kaduna ba zai juya model a laftop ɗinka ba, lamba yake so. Za ka fitar da abin ta gaba da ta sama da ta gefe, in akwai abin da ya ɓuya a ciki ka yanka shi ka nuna cikin, wanda ya yi Technical Drawing a sakandare ya san wannan. Tsarin jera su biyu ne, na Turai yana ajiye kallon sama a ƙarƙashin na gaba, na Amurka yana ɗora shi a sama, kuma akwai ɗan tambari mai kama da mazurari da ake sawa a kusurwar takarda don a san wanne ka bi, in ka bar shi ana iya yi maka abin a juye. Model ɗin kansa da girmansa na gaskiya ake gina shi, sai a takarda ake rage shi, 1:100 ko 1:50 ga gini, 1:2 ga ƙaramin abu.

Sannan ƙarfe ba kwamfuta ba ne. A allo noti mai milimita 10 zai zauna cif a huda mai 10, a shago ba zai shiga ba, shi ya sa ake ba noti M10, wato mai kaurin milimita 10 ɗin, huda mai 11. Kuma ka duba ma'auni kafin ka ja layin farko, inci ɗaya milimita 25.4 ne, fayil ɗin da aka ruɗa su zai buɗe ko dai ƙato ko ɗan mitsitsi.

Wace manhaja? Mai harkar gini SketchUp ya fi sauƙin shiga, daga baya AutoCAD da Revit. Mai son kayan inji ni FreeCAD zan ce ya fara da shi, kyauta ne, sigarsa ta 1.0 ta fito a Nuwamban 2024, kuma in ka sauke shi ba ya buƙatar data, saɓanin Tinkercad da Onshape da suke aiki a kan intanet. Ɗalibai kuma Autodesk na ba su lasisin karatu kyauta. Blender yana da kyau sosai amma na katun ne da hotuna, ba shi za ka ba mai yanka ƙarfe ba. Ka nemi maus mai ɗan taya a tsakiya don da shi ake matsowa da juyawa, da tef ko kalifa na awo, ka ɗauki wani abu a gida kamar hinjin ƙofa ka auna ka gina shi. In za ka tura aikin, kowa da irin fayil ɗin da za ka ba shi, PDF ga mai aikin hannu, DWG ko DXF ga mai zane da mai injin yanka, STEP ga wanda manhajarsa ba irin taka ba ce, STL kuma ga firintar 3D.