Wai mece ce leza? Ba kowace tocila mai haske ba ce fa

Kwanakin nan duk inda ka juya a Legas leza ake cewa. Mai tallan tocila a gadar Oshodi leza yake kiran kayansa, mai kiɗan biki a Agege duk fitilar da ke juyawa leza ce a wajensa, masu tallan magani a rediyo suna cewa ka zo na'urar leza ta duba maka jiki gaba ɗaya, su kuma samarinmu na Idi-Araba da Alaba Rago sun shiga yayin haɗa lezar hannu da kansu suna ɗorawa a TikTok, ana fasa balan-balan ana kunna ashana daga nesa. A bakin mutane kalmar ta koma nufin haske mai ƙarfi kawai. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan, domin ba ƙarfi ne ke maida haske leza ba, kuma wannan ruɗanin kaɗai ya isa ya jawo wa yaro asarar ido.

Ita kalmar gajartawa ce, an ɗebo haruffan farko na wasu kalmomin Turanci biyar aka haɗa, ma'anarsu dai a ƙarfafa haske ta hanyar zuga ƙwayoyin abu su saki nasu hasken. Einstein ne ya fara bayanin hakan a 1917, wani Ba'amurke Gordon Gould ya raɗa sunan a 1957, sannan Theodore Maiman ya kunna ta farko a Kalifoniya a 1960 da dutsen yaƙutu. Tarihin ya isa haka.

Abin da ya kamata a gane shi ne bambancin tafiyar hasken. Hasken ƙwan fitila ko tocila tamkar jama'a ne a kasuwar Mile 12 da safe, kowa da kalar rigarsa kowa da inda ya nufa, leza kuwa sojoji ne a fareti, kaki ɗaya, taku ɗaya, hanya ɗaya. A cikin na'urar akwai madubi biyu suna kallon juna, haske yana kai da komowa tsakaninsu, duk wucewar da ya yi sai ya zuga wasu ƙwayoyin su saki haske irinsa sak, kala ɗaya mataki ɗaya, sai ɗan kaɗan ya riƙa fita ta madubin gaba. Shi ya sa ɗigon leza yake zuwa bangon da ke nesa yana nan ɗan mitsitsi. Tocilar nan da ake zuƙewa ta matse haske wadda ake rubuta mata leza a kwali, LED ce da gilashi a gaba, ka haska ta can ƙarshen layi za ka ga hasken ya baje. Komai haskenta ba leza ba ce, wallahi ko mai shago ya rantse maka.

To ga inda ruɗanin yake zama haɗari. Tunda an ɗauka leza ƙarfi ce, sai a auna ta da ma'aunin fitila. Ƙwan LED na ɗaki yana jan wat 10 kana kallonsa ba abin da zai same ka, sai mutum ya ga an rubuta miliwat 5, wato kashi 5 cikin dubu na wat ɗaya, a jikin ɗan biron leza ya ce ai wannan wasan yara ne. Amma hasken ƙwan ɗaki ya watsu ko'ina, ɗan kaɗan ne ke shiga ido. Na leza kuwa gaba ɗayansa yana iya shigewa ta ƙwayar ido, sannan idon da kansa ya ƙara tattara shi ya sauke a wuri ɗaya ɗan tsigil a tantanin da ke can baya wanda da shi muke gani. Tantanin nan ba ya jin zafi, ba zai gaya maka yana ƙonewa ba, sai dai ka wayi gari da wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ka kalla, kuma sau da yawa ba ya warkewa. Dalilin da ya sa Amurka ta tsaida iyakar lezar nuni a miliwat 5 kenan, a Ingila ma miliwat 1 ake shawarta a sayar wa jama'a, saboda a ƙaramin ƙarfi irin wannan ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kusan kwatan daƙiƙa, tana iya cetonka.

Yanzu mu zo kan masu haɗawa, ni fa ba na adawa da su, hasali ma ina jin daɗi in ga yaro ya bar zaman banza ya riƙe kan soda da dalma yana koyon abu, da yawan masu gyaran waya da ke cin abinci a Computer Village ta irin wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen suka fara. Haɗa lezar hannu ba wani sirri ba ne: ɗan diyod mai fitar da hasken, ƙaramin allon da ke daidaita masa wuta wanda masu gyara ke ce wa direba, gilashin da ke miƙar da hasken, batir, makunni, sai gidan tsohuwar tocila a zuba a ciki. Wanda ya sayi haɗaɗɗen diyod mai jan haske mai ƙaramin ƙarfi ya sa masa batir biyu ya koyi duk abin da ake koya a aikin, ya ga yadda diyod ke mutuwa nan take in wuta ta yi masa yawa, ya ga amfanin direba, ya ga yadda gilashi ke matse ɗigo.

Matsalar tana wajen waɗanda ke farke tsohuwar na'urar buga faifan DVD ta kwamfuta su ciro diyod ɗinta. Ku tsaya ku yi tunani dan Allah, aikin wannan diyod ɗin tun asali shi ne ya ƙona rubutu a jikin faifai yana juyawa da gudu. Ƙarfinsa yana kai ɗaruruwan miliwat, wato ninkin-ba-ninkin waccan iyakar ta miliwat 5, a wannan matakin ƙiftawa ba ta da wani amfani, kafin fatar ido ta rufe an gama ɓarnar, kuma ba sai ka kalle shi kai tsaye ba, ya daki tayil ko gilashin taga ko fuskar waya ya dawo ya isa. Ga wani abin da bidiyoyin ba sa faɗa, a cikin na'urar akwai diyod na biyu na faifan CD, shi haskensa infared ne, irin hasken da ido da ƙyar yake ganinsa, sai yaro ya jona ya ga kamar bai kama ba, ya ɗaga ya leƙa ciki ya ga ko yana aiki. Wannan leƙen shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk harkar. Kuma a ɗakunan haya irin namu da mutum biyar shida ke kwana ɗaki ɗaya, ƙanne suna zagaye da kai suna kallo, ba idonka kaɗai ka sa a caca ba.

Lezar mai koren haske ma da ake rububinta a go-slow ba a bar ta a baya ba. Yawancin masu arahar nan ba koren haske suke fara samarwa ba, infared ne ke bi ta wasu ƙananan duwatsu ya fito kore, in masana'anta ta yi rowar matatar da ke tare ragowar infared ɗin to yana fitowa tare da koren ba ka gani. Hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada lezar nuni 122 ta fitar da sakamako a 2013, kusan kashi 90 cikin 100 na korayen sun saɓa ƙa'ida. Don haka lambar da ke jikin sitika ba abin dogaro ba ce, baƙin tabarau na rana kuma ba ya kare ido daga leza, tabarau na leza daban ne kuma kowane da kalar hasken da aka yi shi dominta.

Masu kallon ƙwallo sun tuna fuskar Mohamed Salah a watan Maris na 2022, koren hasken leza ya rufe ta yana shirin bugun fenariti a wasan Senegal da Masar, ya buga ƙwallon ta tashi sama, FIFA ta ci tarar Senegal daga baya. Mutane da yawa dariya suka yi. Ni ban ga abin dariya ba, musamman mu da muke zaune a Agege da Mafoluku jirage na wucewa ƙasa-ƙasa a kanmu za su sauka a filin Murtala Muhammed. Hasken da ke ɗigo a hannunka kafin ya kai ga jirgi ya buɗe ya cika gilashin gaban matuƙi, da dare, a daidai lokacin da yake neman titin sauka da ɗaruruwan mutane a bayansa. A Amurka tun 2012 laifi ne na tarayya da ke iya kai mutum shekara 5 a gidan yari. In ka ga ɗan unguwa yana bin jirgi da koren haske daga saman bene, ka hau ka karɓe, in ya so ka je ka yi wa babansa bayani.